Amsoshin Tambayoyinku: Motocin Amurka da Lissafin Riba

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Kaduna. Na daɗe ina zubin adashi don in sayi mota, kuma dillali ya nuna mini Ford Focus ta 2014 mai giyar otomatik, fes da ita, kuɗinta bai kai na Corolla ba. Tsorona kada in yi asara.

Amsa: Malama, tsoron nan naki yana kan hanya, ki bar motar. Focus ta 2012 zuwa 2018 da Fiesta ta 2011 zuwa 2019 masu otomatik suna ɗauke da giyabos ɗin da ake kira PowerShift. A cikinsa akwai kuloci biyu busassu, kwamfuta ce take taka su a madadin ƙafarki. Robar da ke tare mai takan yi yoyo, man ya jiƙa kulocin, sai mota ta riƙa kakkarwa da fizga idan za a tashi. Kwamfutar giyar ma takan mutu, mota ta ƙi shiga giya a tsakiyar titi. Cunkoso da zafi ne suka fi cin wannan kuloci, kin kuwa san Kawo da yamma. Idan an samu mai giyar hannu, ba ta da wannan ciwo. In ba haka ba ki ƙara haƙuri zubi ya sake zagayowa, ki sayi Corolla ko da ta girme ta da shekara huɗu.

Tambaya: Mahaifina yana cewa motocin Amurka na da ƙarfe ne zalla, na yanzu gwangwani. Shin Amurkawa sun manta yadda ake ƙera mota ne? Daga Kano.

Amsa: Ba su manta ba, ɗan uwa. Ka gaya wa Baba kaurin ƙarfe ba shi ne inganci ba, domin motar yanzu da gangan aka yi gabanta ya lanƙwashe a hatsari don ya tare wa fasinja bugu. Amma ƙorafinsa yana da tushe, kuma tushen yana ofishin masu lissafi.

Ka duba abin da ya faru da General Motors. A cikin mazaunin makullin Chevrolet Cobalt da Saturn Ion akwai ɗan sifirin da ke riƙe makulli a wurinsa, aka yi shi gajere. Idan direba ya rataya makullai masu nauyi, ko gwiwarsa ta taɓa, ko ya faɗa rami, sai makullin ya juya da kansa. Inji ya mutu ana cikin gudu, sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, jakar iska kuma ta ƙi tashi. Kamfanin ya san da matsalar tun wajen 2005, gyaran bai kai dala ɗaya a kowace mota ba, aka ce ba zai biya kuɗinsa ba. A 2006 aka sauya sifirin a asirce ba tare da an sauya lambar kayan ba, don haka tsoho da sabo suka cakuɗe a shaguna. Sai a 2014 aka janye motoci miliyan 2.6. Asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124, a 2015 kuma ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 900.

Hujjar cewa ba hannun ma'aikata ba ne tana garin Fremont a jihar Kalifoniya. General Motors ta rufe masana'antarta a can a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen fitar da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, yawancin waɗanda aka ɗauka kuma ma'aikatan da ne, aka ba kowa ikon jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga kuskure. Motocin da suka fito sun shiga sahun mafi inganci a duk kamfanin. Camry ɗin da muke rububi ma a jihar Kentucky ake ƙera ta tun 1988, Honda Accord kuma an fara ƙera ta a Ohio a 1982. Duba lambar shasin taka: idan ta fara da 1, 4 ko 5, a Amurka aka yi ta, J ita ce Japan.

Ga inda abin ya shafe mu, kuma a nan raina yake ɓaci. Kamfani yana auna kaya da tsawon garanti, wanda ga injin Ford da giyarta shekara 5 ne ko mil 60,000. Duk abin da ya lalace bayan haka, na mai mota ne. Mu kuwa motar ba ta iso Legas ko Kwatano sai ta ci ninkin wannan, wato daidai lokacin da kayan arahar da aka saka suka gaji. Dalar da aka tsimi a Detroit, cibiyar kamfanonin motocin Amurka, mai saye na uku ne yake biyanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka, da kuɗin canji na yau. Amma mutum zai zagaya mota sau uku, ya shafa kujerun fata, ya kunna allon gaba, ya kira matarsa ta gani a waya, bai taɓa tambayar wane inji ne a ciki ba. Sunan kamfani kaɗai ba ya isa. A tambayi shekara, da irin inji, da irin giyabos, domin Ford ɗin da ta yi PowerShift ita ce kuma take ƙera manyan akori-kura da ke jure wahala, inda ribarta take, har ta sanar a 2018 cewa za ta daina yawancin ƙananan motoci a kasuwar Amurka.

Tambaya: Ina da Ford Explorer ta 2013 mai silinda shida. Ruwan lagireto yana raguwa, ban ga inda yake zuba ba. Daga Abuja.

Amsa: Alhaji, ka ajiye ta yau ɗin nan. A injin mai lita 3.5 na Explorer da Edge, famfon ruwa yana cikin inji, sarƙar taimin ce take juya shi. Idan ya gaji, yakan fara ɗiga ta wata 'yar kafa a bayan altaneta, daga nan ruwa ya gangara cikin baƙin mai, sai injin ya buga. Zaro sandar awon mai: in ka ga ya koma kalar shayi da madara, kada ka tayar da ita, a ja ta zuwa gareji. Aikin yini guda ne ko fiye, saboda sai an kwance gaban injin. Tunda an buɗe, a sauya famfo da sarƙa da robobin da take bi da abin da ke ɗaure ta gaba ɗaya, a sauya mai da filta. Kada a zuba ruwan rijiya, kada kuma bakanike ya cire tamostat wai don nan ƙasar zafi ce. In mai jan ƙafa huɗu ce, akwai ƙaramin akwatin giya kusa da salansa da ke ɗaukar mai kusan rabin lita. Zafi yana dafa shi ya koma kwalta, a riƙa sauya shi duk kilomita 50,000.

Tambaya: Motar da zan saya tana warin danshi, akwai yashi a ƙarƙashin kafet. Dillali ya ce iskar teku ce a jirgin ruwa.

Amsa: Iskar teku ba ta zuba yashi a ƙarƙashin kafet, kai ma ka sani. Motar ambaliya ce, irin waɗanda kamfanonin inshora ke gwanjonsu a kamfanin gwanjon motoci na Copart bayan guguwa kamar Harvey ta 2017. Wayoyinta za su yi ta ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, kai da mai rewaya ku zama 'yan uwa. Ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, biya a ciro maka rahoton Carfax mai nuna tarihin mota, kuma ka nemi hotunan gwanjonta a intanet. Dillalin da ya hana ka lambar, ka yi masa sallama.

Tambaya: To ke nan Toyota da Honda ba su da aibi?

Amsa: Wa ya ce? Camry Muscle ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana shan baƙin mai saboda ringin fistin, a riƙa duba sanda duk mako. Sannan jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, da ke cikin Accord da Corolla da yawa na shekarun 2000, takan fashe da ɓaraguzan ƙarfe idan ta daɗe cikin zafi da laima. Shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, yana nuna kyauta ko an sauya taka, lambar shasi kawai za ka saka.