Amsa: Me ya faru da Westwood bayan EA ta saye shi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sayen da EA (Electronic Arts, babban kamfanin wasannin kwamfuta) ta yi ne ya kashe kamfanin Westwood, masu wasan Command & Conquer. A ganina ba sayen kaɗai ba ne, amma shi ya buɗe ƙofar.

EA ta sayi Westwood a 1998, lokacin kamfanin na Las Vegas yana kan ganiyarsa. Da farko abin bai lalace ba, don wasansu Red Alert 2 ya fito a 2000 kuma ya karɓu sosai. Matsalar ta taso ne da suka bar fagen da suka ƙware a kai, wato wasan dabarun yaƙi. Renegade wasan harbi ne, Earth & Beyond kuwa na intanet ne mai cin kuɗi, duka biyun a 2002, kuma ba su kawo ribar da EA ke jira ba. Mai kuɗi ba ya haƙuri da asara. A 2003 aka rufe ofishin, aka mayar da aikin Los Anjalis. Sunan wasan dai ya zauna a hannun EA, wasu tsoffin ma'aikatan suka kafa kamfanin Petroglyph, su ne ma suka sabunta tsohon Command & Conquer a 2020.

Amma kada ka ɗauka duk saye haka yake ƙarewa. Microsoft ta rufe kamfanin Ensemble da ta saya, masu wasan Age of Empires, a 2009, gaskiya ne. Kamfanin Firaxis kuwa tun 2005 yake ƙarƙashin Take-Two da ya saye shi, har yau yana fitar da wasan Civilization.