Abin da ke sa a bi malami a zango

Ɗan'uwa, na san ba da mugun nufi ka yi tambayar nan ba. Ka ce yaya malamanmu da shugabanninmu a Kumasi ta ƙasar Ghana suke iya zaburar da yara, alhali yaran da yaren Ashanti suke wasa a titi, iyayensu mata da yawa kuma ba Hausawa ba ne. Na ji abin da ke ƙarƙashin maganar, wato ko har yanzu mu Hausawa ne.

A can gida malami yana da majingina. Ga sarki, ga mai unguwa, ga gari kaf a bayansa, yaro ko bai so ba zai zauna. Mu nan sarkin zango ba shi da ikon ɗaure kowa, a ƙasar Asantehene, sarkin Ashanti, yake zaune. Zangon kuma ba namu ba ne mu kaɗai, akwai Mosawa, Dagombawa, Zabarmawa, Fulani, Yarbawa, kowa da nasa babba. Yaron da malami ya gundura, tsallaka titi kawai zai yi ya shiga wata duniya. Saboda haka duk wanda ka ga ana bi a nan, don ana so ne. Wannan kuwa ba gadonsa ake yi ba, koyonsa ake yi, kuma mun daɗe muna koyo.

Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga da ke arewacin Ghana har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Karaci, can ya rasu a 1934. Ɗalibansa sun bazu a zanguna. Ba tarin littattafai kaɗai ya jawo su ba. Ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya, talauci da zuwan Turawa, har mai sauraro ya ji malamin nan ya san halin da yake ciki.

Malamin da ya karantar da ni bai kai shi ilimi ba, amma hanyar ɗaya ce. In yaro bai zo ba, ba ya aika a kamo shi. Bayan magariba zai tafi gidan da kansa, ya zauna a kan benci a bakin ƙofa, ya gaisa da uwar yaron da yarenta, sannan ya tambaya ko lafiya. Bai taɓa kunyata ɗalibi a gaban 'yan'uwansa ba, gefe yake ja da shi. Akwai wani cikinmu mai nauyin kai, allonsa kan daɗe ba a wanke ba. Sai malam ya ɗora masa biya wa ƙanana. Yaron nan ya riƙa kwana a kan karatu don kada ya ji kunya a gabansu, kuma ya riga wasu masu kaifin kai saukewa.

Batun aure kuwa, nan ne kuke yawan yi mana kuskure. Kakata 'yar Ashanti ce, ta musulunta kafin ta auri kakana. Ita ce mai tashinmu da asuba, ba ta iya karatu ba amma ba ka isa ka wuce ta gabanta ba allo a hannu ba. A 1969, da gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, zango ya rikice, mutane suna sayar da kaya a wulaƙance. Danginta ne suka tsaya wa gidanmu. Mahaifina yakan ce a kwanakin nan malaminsu bai rufe makaranta ba, yana bi gida gida yana tausar masu tafiya, yana karɓar amanar abin da suka bari. Har ya rasu, in ya ambaci malamin nan sai muryarsa ta canja.

Na ji wasu daga cikinku sun yi surutu a 2019, lokacin da Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Akara a ranar Ista, yana gab da cika shekara 100. Mu ba haka muka gan shi ba. Tun 1993 da ya zama limami yake ce wa samari su zauna lafiya da maƙwabta. Ranar nan da ƙafarsa ya je, ya nuna musu. Saurayin da ya ga haka ba ya bukatar doguwar huɗuba.

Hausarmu ta sauya, wannan gaskiya ne. Mukan ce "ya zo" ko da mace ce, kuma in mun je Kano ana yi mana dariya, abin yana yi mana ciwo. Amma da Hausar nan ake tafsiri, da ita ake sulhu tsakanin ƙabilun da ba sa jin yaren juna.

Damuwata ba a nan take ba. Tun 1987 da aka kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi, yaranmu suna haɗa boko da addini, mun gode Allah. Samari kuma suna dawowa daga Madina da Alƙahira da ilimi mai yawa. Sai dai wasunsu lasifika suke fara nema, ba su san sunan yaran da ke gabansu ba, balle gidajensu. Da tsofaffin za su jawo su kusa, su riƙa tafiya da su gaisuwar mara lafiya da zaman sulhu, su ga yadda ake sassauta murya, da an rage asara. Tsofaffin kuwa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.