Sikel ɗaya ta ishe ka, in ka iya ta

Ka tambaye ni sikel nawa, wato jerin sautukan da ake hawa da sauka a kansu, za ka haddace kafin in bar ka ka riƙe lid, wato jan gaba a kiɗan jita, wai ka ga wani Bature a YouTube yana lissafo su da sunaye masu karya harshe. Ɗaya ce. Ita ɗin ma ba ka iya ta ba tukuna.

Sauti biyar ne: la, do, re, mi, so. A tsirkiyar sama mai kauri, manuniya a gida na biyar na wuyan jita, ƙaramin yatsa a na takwas. Tsirkiya uku da ke bin ta, gida na biyar da na bakwai. Biyun ƙasa, biyar da takwas. Saitin jita da yadda ake riƙe ta kuwa kada ka ɓata min lokaci, wanda bai san wannan ba ya je ya nemi wata sana'a. Yawancin waƙarmu a kan biyar ɗin nan take tafiya, ko da garaya aka raka ta ko da gurmi ko goge. Mutanen Agadas ma da su suke tashin biki, babban yatsa yana ta dukan tsirkiya ɗaya, manuniya tana zance a ƙasa. Sauran sauti biyun, fa da ti, na 'yan coci ne da 'yan hailaif na Sabon Gari. Ka cusa su a waƙar Bahaushe ba bisa dalili ba, tsohuwar da ke tsakar gida ma sai ta ɗago kai ta harare ka.

Abin da ku yaran yanzu ba ku gane ba, hawa da sauka a kan sikel ba shi ne lid ba. Kuna son gudu, kuna son a ɗauke ku a waya. Lid yana wurin da mawaƙi ya tsaya shan numfashi, kafin 'yan amshi su karɓa. A wannan 'yar kafar za ka ba shi amsa da sauti uku ko huɗu, ka tura tsirkiya sama ta yi kuka, ka dire a inda muryarsa ta dire, ka yi shiru.

Irin wannan amsar aka sace min, kuma har gobe ban yafe ba. Ƙarshen shekarun 1990 ne, lokacin da fiyanon Yamaha ya fara cinye mana abinci a Kano. Wani mawaƙi, ba zan kama suna ba, ya zo har gida ya durƙusa, yana ta Oga kaza Oga kaza, wai waƙarsa ta ƙi zama, in zo in sa mata hannu. Na je situdiyo. Waƙa salam, amshin ba ya kama kunne. Na sa ya maimaita baitin farko har na ji inda yake yanke numfashi, na ɗora masa 'yar jimla mai sauti huɗu, daga mi ta gangaro ta kwanta a la. Mai situdiyon ya miƙe tsaye yana tafi. Aka ce yau gwaji ne, in dawo ranar ɗauka, kuɗina kuma sai kaset ya shiga kasuwa a raba. Ya damƙa min kuɗin mota, har da godiya da addu'a.

Ranar ɗauka ba ta zo ba. Na aika, aka ce ya yi tafiya. Na je da kaina, aka ce injin ya lalace. Sai wata rana ina ratsa Ƙofar Wambai na ji jimlata tana fitowa daga lasifikar masu sayar da kaset, shago bayan shago, da muryar fiyano. Yaron da ke zaune a kusurwar situdiyon ranar nan, wanda ko gaisuwar kirki bai yi min ba, ashe yatsuna yake kallo. Ya kwashe ta tsaf, ban da kukan tsirkiyar, don wannan ba a kwafarsa da kallo. Da na tare mawaƙin, ka san me ya ce? Wai ai sauti na Allah ne, ba ni na halicci do da re ba. A gaban mutane ya faɗa, yana dariya. Ya sayi mota a shekarar. Ni kuwa a shekarar na sayar da amfilifayata na biya kuɗin haya.

To ka ji. In an kira ka situdiyo, rabin kuɗi ya shiga aljihunka kafin ka zare jita daga jaka, ko da ƙanin babanka ne. In aka ce gwaji ne, ka buga ridim kawai, wato kiɗan rakiya.

Aikinka na makon nan: ka kunna rediyo, duk mawaƙin da ya zo ka lalubo sautin da yake direwa a kai, ka matsar da hannunka can, ka rera amsar da baki kafin yatsa ya taɓa tsirkiya. Abin da bakinka bai iya faɗa ba kada in ji shi a jitata. Ranar Asabar akwai biki a Fagge, kai za ka ɗauki lasifika, kuma ridim za ka riƙe. Ka sayo tsirkiyar ƙasa da ka tsinka min, da kuɗinka.