Shiga jirgin ruwa don ganin garin da teku ta cinye a Kekova

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Istanbul, kuma bana iyalina ta zo mini. A wannan hutu muna son zuwa gaɓar Antaliya, wani wuri da ake kira Kekova, inda ake shiga jirgin ruwa a ga tsohon garin da ya nutse. Na samu tikitin jirgin taro mai sauƙin kuɗi, daga hantsi zuwa yamma, har da abincin rana, kuma ana tsayawa wanka sau uku ko huɗu. Sai wani abokina ya ce haramun ne, wai wurin azaba ne kamar garin Samudawa. Iyalina ta ji, yanzu hankalinta ya ƙi kwanciya. Mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka fara kwantar wa iyalinka hankali: ganin wannan kufai halas ne. Hawa teku cikin aminci ya halatta, ayoyin tafiya a bayan ƙasa don duba ƙarshen mutanen da suka gabata kuma ka san su. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarka daban ne, zan zo kansa. Amma bari mu gama da maganar abokinka tukuna, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba.

Hadisin da ya dogara da shi ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim daga Ibn Umar. A hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) ya ratsa Hijr, kufan garin Samudawa, ya ce kada a shiga gidajen waɗanda suka zalunci kansu sai ana kuka, don kada abin da ya same su ya sami mai shiga. Ya lulluɓe kansa, ya sa sauri har ya fita kwarin. Ruwan da aka ɗebo ya ce a zubar, ƙullun da aka kwaɓa da shi a bai wa raƙuma. Ibn Hajar ya ce hukuncin ya haɗa Samudawa da duk wanda yake kan siffarsu, kuma an ambaci cewa Sayyadina Ali ya ƙi yin salla a inda ƙasa ta kife a Babila. Duk wannan mun karɓa.

To amma mece ce siffar Samudawa? Mutane ne da Alƙur'ani ya faɗi sunan annabinsu, ya faɗi laifinsu na soke taguwa, ya faɗi tsawar da ta kama su. Wahayi ne ya sanar da mu cewa azaba ce. Kekova kuwa ba aya, ba hadisi, ba maganar sahabi a kanta. Gari ne a kan tsibiri, na mutanen Likiya, tsoffin mazauna wannan gaɓa, wanda girgizar ƙasa ta sa wani sashinsa ya zurma cikin ruwa a ƙarni na 2 miladiyya, kuma ba a shafe mutanensa ba. An ci gaba da zama a tsibirin zamanin Rumawa, har ragowar cocinsu tana nan a bakin ruwa. Ina wannan, ina gidajen da Allah ya ce ga su nan kangwaye saboda zaluncin masu su?

Kuskuren abokinka shi ne ya ɗauki kowace girgizar ƙasa da kowace nutsewa a matsayin hukuncin Allah a kan mutanen wurin. Wannan shiga gaibu ne. Kai kana Turkiyya, ka san abin da ya faru ranar 6 ga Fabrairu 2023, lokacin da girgizar ƙasa ta ci rayuka sama da 50,000, galibinsu Musulmi, da yawa suna barci kafin asuba. Zai iya buɗe baki ya ce Antakiya da Marash sun zama Hijr, ba a shiga sai da kuka, ba a shan ruwan rijiyoyinsu? Annabi (SAW) ya lissafa wanda ya nutse da wanda gini ya danne cikin shahidai. Ashe irin mutuwar kaɗai ba ta nuna fushin Allah.

Idan ya ce ai waɗancan kafirai ne, sai mu ce sahabbai sun shiga kufan kafirai ba su juya ba. Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya shiga fadar Kisra, sarkin Farisa, a Mada'in a shekara ta 16 bayan hijira, ya karanta ayar "kam taraku min jannatin wa uyun", ya yi salla a ciki. Amru bin As da rundunarsa sun zauna a Masar, dalar Fir'aunoni na kallonsu. Hasali ma, masu tarihi da dama suna cewa yaƙin Zatus Sawari, wanda Musulmi suka yi a kan teku zamanin Sayyadina Usman, a gaɓar Finike aka gwabza shi, kusa da inda za ka je. Haramta abin da Allah bai haramta ba ba tsantseni ba ne. Ka gaya masa haka cikin ladabi, domin da niyyar alheri ya yi maka magana.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Ka ce jirgin taro ne, ana tsayawa wanka sau uku ko huɗu. Ɗana, ɓangaren kufan bai ɗaukar lokaci mai tsawo. Jirgi yana bin gefen tsibirin a hankali, ka leƙa ka ga matakalar dutse tana gangarawa cikin ruwa, da tushen bangaye, shi ke nan. Ba a ma yarda a yi iyo a kansa ba, yankin yana ƙarƙashin kariyar hukuma tun 1990. Sauran yinin fa? Maza da mata cikin kayan wanka a kan bene ɗaya, kiɗa na tashi, a yawancin irin waɗannan jirage kuma ana sayar da giya. Annabi (SAW) ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. A kan tudu idan ka ga munkari kana iya tashi ka bar wurin. A tsakiyar teku ina za ka? Awa bakwai kana sunkuyar da kai, matarka a gefenka cikin hijabi tana ƙunci. Idan ka san haka jirgin yake, ko zatonka ya rinjaya a kan haka, bai halatta ka sayi wannan tikiti ba, komai arharsa.

Mafita tana kusa. A ƙauyen Uchagiz, daura da tsibirin, ana ɗaukar hayar ƙananan jirage. Ku haɗa kuɗi da iyali biyu ko uku na 'yan uwa ɗalibai, ku yi sharaɗi da mai jirgi tun a tudu: ba giya, ba kiɗa, awa biyu ko uku a dawo. Idan kuɗin zai taɓa na makaranta ko ya kai ka ga cin bashi, ka haƙura sai wata shekara.

Salla kuma ka tsara ta kafin ka taka jirgi. A mazhabar Malikiyya rangwamen haɗa azahar da la'asar na matafiyin tudu ne, ban da na teku, don haka ka zaɓi fita da safe ka dawo kafin azahar. In lokaci ya riske ka a ruwa, ka yi ta a tsaye muddin za ka iya, kana juyawa da alƙibla idan jirgi ya juya. Kada sabo ya sa ka fuskanci gabas kamar kana gida, alƙibla a can kudu maso gabas take.

A ƙauyen Kalekoy, shi ma daura da tsibirin, za ku ga akwatunan gawa na dutse, ɗaya ma yana tsaye cikin ruwa. Ku duba ku tuna mutuwa, amma ba a roƙa musu gafara, ba a shafa dutsen don neman tubarraki. Kada ka ɗauko ko ɓallin tukunya, dokar ƙasar tana da tsanani a kan haka, kai kuma da alƙawarin bin ta ka shiga. Ba ka faɗa mini ko kun iya iyo ba. Ko kun iya, ku sa rigar kariya ku biyun, idan kuma teku ta tashi ku fasa fita ranar. Da za ku shiga ku ce "Bismillahi majreha wa mursaha."

Wallahu a'alam.