Amsa ga ƙanena na Jos mai son nazarin lakar teku

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma shi ne na huɗu da na samu daga gida a watan nan. Ka ce ka kammala digirin farko a ilimin duwatsu a Jos, kana neman zuwa Jamus domin nazarin ƙarafan da ake samu kaɗan-kaɗan a lakar ƙasan teku, ka kuma haɗo da daftarin bincikenka. Maganar biza ba zan taɓa ta ba. Abin da ya dame ni yana shafi na uku, inda ka rubuta cewa za ka raba adadin kowane ƙarfe da na alminiyam, daga nan ka duba waɗanda suke tafiya tare.

Na san dalilinka, kuma dalili ne mai tushe. Yashi da ɓawon ƙananan halittun ruwa suna tsarma laka, alhali yawancin ƙarafan nan a jikin yumɓu suke maƙalewa, shi ya sa ake ɗaukar alminiyam a matsayin ma'aunin yumɓun. Sai dai tun a 1897 masanin ƙididdiga Karl Pearson ya nuna cewa idan aka raba abubuwa biyu da ba su da wata alaƙa da abu na uku guda ɗaya, sakamakon zai nuna alaƙar da lissafi ne kawai ya haife ta. Idan dukkan ukun suna hawa da sauka daidai gwargwado, ma'aunin alaƙar, wanda sifili a cikinsa ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa, yakan kai kusan 0.5, ba tare da komai ya faru a cikin tekun ba. A 2002 wani masani mai suna Van der Weijden ya sake jan kunnen masana lakar teku a kan haka, musamman inda alminiyam ya fi sauran ƙarafan sauyawa daga samfur zuwa samfur.

Ba a aji na koyi wannan ba. Shekara guda cur na yi ina auna samfura, har cikin hunturun da bai bar ni na ga rana ba, na rubuta maƙala ina murna cewa tutiya da nikel hanyarsu ɗaya. Mai tantance maƙalar ya maido ta da layi biyu, cewa rabawa da alminiyam ce ta haifi alaƙar, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da har yau yake yi mini ciwo shi ne, a gida ba wanda ya taɓa zaunar da mu a kan ƙididdiga, a nan ƙasar waje kuwa an ɗauka da ita ka zo, ba wanda zai tsaya ya koya maka. Wata shida na ƙara ina gyara, kuma ina alfahari da cewa maƙalar da ta fito daga baya ta tsaya da ƙafarta.

Akwai tarko na biyu da kai, ɗan Jos, ya kamata ka fi kowa ganewa. Ana kwatanta samfur da matsakaicin lakar duniya, kamar alƙaluman da masana biyu, Turekian da Wedepohl, suka fitar a 1961, a ce ƙarfe kaza ya yi yawa. To, ɗebo laka daga kududdufan haƙar ma'adinai na Bukuru ka yi wannan kwatanci, za ka ga kuza ta zarce ƙima, domin duwatsun Filato haka Allah ya yi su. Haka ma teku, kowane yanki da irin ƙasar da koguna suke kai masa.

Ka sake rubuta shafin nan. Ka fara zana jadawalin adadin kowane ƙarfe a kan na alminiyam kafin ka raba komai, ka ga ko layin ya miƙe, ko kuma ya ratsa ta sifili. Ka karanta dabarar lissafi ta logaridim da masanin ƙididdiga John Aitchison ya shimfiɗa a shekarun 1980 domin alƙaluman da jimillarsu ba ta wuce ɗari bisa ɗari. Idan ka gyara, ka turo mini, sannan mu yi maganar malamin da za ka rubuta wa.