Gajeren kwalekwale ko dogo don yawon tuƙi?

Malam ka tambaya ko ka gajarta kwalekwalen da zaka ƙera zuwa mita 3 don yayi sauƙin ɗauka. A'a kar ka gajarta, ka barshi wajen mita 5, nauyin a jikin katako zaka rage shi. Filawud na ruwa, wato irin wanda ake yi don ya jure ruwa, mai kaurin milimita 4 zuwa 6 ya isa, ka lulluɓe shi da faibagilas (ƙyallen zaren gilas) da gam ɗin efoksi, mutum biyu zasu ɗaga shi ba wahala.

Dalili kuwa, tsawon jikin da ke taɓa ruwa shi ke bada gudu, gajere kana jan filafili zakaji hancinsa na karkata hagu da dama, ka saki kaɗan ya tsaya cak, shi kuwa dogo siriri yana cigaba da sulalewa tsakanin ja da ja, wanda a tafiyar awa huɗu kafaɗunka zasu gaya maka bambancin. Na tuƙa duka biyun shiyasa nake nanata maka. Amma fa kar ka matse faɗin sosai irin na masu tsere, kaya zaka ɗauka, ka bar wajen mita 1 kuma kujerar ta zauna ƙasa ƙasa saboda igiyar ruwa.