Nukiliya ko sola, wacce ta fi araha?

Malam, ka tambaya wace wuta ce ta fi sauƙin kuɗi, ta nukiliya ko ta hasken rana.

Tsadar nukiliya a wajen gini take. Dubi tashar Vogtle a Amurka: sabbin injina biyu sun lashe sama da dala biliyan 30, ga jinkirin shekara 7. Amma in tasha ta kankama, wuta ba dare ba rana. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga nukiliya yake fitowa.

Sola kuwa ta yi arha sosai, sai dai mutane kan manta da kuɗin batir, alhali da magariba rana ta tafi. In ta gida za ka haɗa, nemi ƙwararren mai aikin wuta ya lissafa yawan wutar da kayanka ke ci kafin ka saya.